Takalminmu, Ɗinkinsu: Yadda Muka Ƙulla Tallar Haɗin Gwiwa Da Mutanen Yamai

Takalmin da ake ɗinkawa a Sakkwato ya daɗe yana shiga Nijar, sai dai yana shiga ne babu sunan mai shi. Fatake su zo Shiyar Madunka su saye dozin-dozin, su cusa a buhu, su bi ta Illela su faɗa Ƙonni. Daga can wasu su nufi Tawa, wasu Maraɗi, wasu su miƙe har Yamai. Wanda ya saya a can, ya sa a ƙafa ya ji daɗinsa, bai san hannun da ya yi shi ba, in kuma ya nemi irinsa baɗi sai abin da ya tarar. Mu gidanmu gidan dukanci ne tun kaka da kakanni, kuma wannan abu ya daɗe yana damuna. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fa, wadda aka riƙa lodawa a kan raƙuma ana ƙetare hamada da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Na ga bai kamata abin da ya sami kakanninmu ya ci gaba da samun mu ba, a kasuwar da ke bakin ƙofarmu.

Da na gama karatun kasuwanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai na lallaɓa Baba muka yi wa sana'ar gida rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, muka yi tambari muna bugawa a cikin kowane takalmi da kowace jaka. Baba ne shugaba, shi ke zaɓen fata yana duba aikin yara. Talla da lissafi kuwa suna hannuna.

A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, Kawu, ƙanin mahaifiyata da ke canji da dillanci a Illela, ya kira ni ya ce wata Hajiya daga Yamai tana nemanmu. Asalinta 'yar Tawa ce, tana da kamfanin ɗinkin kayan mata, shadda da leshi da kayan lefe, da shago a Yamai, da mabiya masu yawa a Facebook da TikTok. Ta sayi takalmanmu a hannun wani bafatake ta sa wa 'yan matan da take ɗauka hoto da ɗinkinta, sai masu saye suka riƙa tambayar takalmin tare da rigar. Ta ga tambarinmu da lambar waya a jiki, amma ba ta kira ba, ta nemi wanda ya san wanda ya san mu. Wannan kaɗai ya sa Baba ya ji ta kwanta masa tun bai gan ta ba.

Abin da take so ba haɗa jari ba ne, ba kuma zama wakiliyarmu ba. Talla ce kawai. A ɗauki hoto da bidiyo na ɗinkinta tare da takalmanmu da jakunkunanmu, a kama rumfa ɗaya a wurin baje koli, a saka sanarwa a rediyo da sunayenmu biyu, kowa ya riƙa tura wa ɗan'uwansa masu saye. Kowa na riƙe da kamfaninsa da kayansa da aljihunsa. Ita tana son kasuwar Kano da Kaduna da Abuja inda muke da mutane, mu muna son Yamai. A baki abu ne da za a gama kafin shayi ya huce, amma ya ɗauke mu daga wancan lokaci har zuwa bayan azumin 2024.

Bincike muka fara yi. Na nemi ta turo takardar rajistar kamfaninta, wadda suke kira RCCM, da lambar haraji ta NIF, mu ma muka tura tamu ta CAC da lambar harajinmu. Kawu kuwa ya yi nasa irin na dattawa, ya bi mutanen Tawa da ke Illela da Sakkwato yana tambaya: tana biyan bashi? Telolinta na samun haƙƙinsu a kan lokaci? In ta yi alkawarin kaya kafin Sallah tana cikawa? Ita ma ba ta yi cinikin biri a sama ba. Ta turo ƙaninta, wanda shi ne manajan kamfanin, ya zo muka kai shi wurin majema ya ga yadda ake jiƙa fata da toka, a tuje gashi, a jeme ta da bagaruwa, a rina da karan dafi. Ya tsaya yana rubutu, yana tambayar takalmi nawa yaranmu ke iya gamawa a mako in aiki ya matse. Na ji daɗin tambayar, don mai tambayar irin wannan da gaske yake.

Zaman farko a Ƙonni aka yi shi, a gidan wani aminin Kawu. Mu daga Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba. Ita kuwa ta taso daga Yamai ta Doso da Dogon Dutse, tafiyar sama da kilomita 400. Baba ya lura da wannan, ya ce mini a kunne wanda ya yi maka irin wannan tattaki da wuya ka dube shi ka ce a'a. Shi ya sa tun a mota muka shirya cewa duk abin da ba mu yarda da shi ba, ba za a faɗe shi gatsal a gaban kowa ba. Ni zan ce za mu yi shawara, Kawu kuma ya kai amsar daga baya.

Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da mutanen gida, aka ci abinci, aka yi azahar, sannan ƙanin Hajiya ya buɗe jaka ya fito da buƙatunsu. Biyu daga ciki ne suka tsaya mini a rai. Ta farko, duk takalmin da za a tallata a Nijar a buga masa tambarin Hajiya maimakon namu. Ta biyu, har tsawon shekara 5 kada mu sayar wa kowa kaya a duk faɗin Nijar sai ta hannunta.

Da na yi fushi da na yi rashin adalci, don hujjarsu tana da ƙarfi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗana, sunan ga nawa shekara da shekaru na yi ina gina shi. In na ɗauki takalminku na nuna ma mutanena har sunka so shi, gobe kuma maƙwabciyata ta zo Sakkwato ta ɗauko irinai ta aje gaban shagona, mi na samu?" Gaskiya ta faɗa. Mu kuma in muka yarda a cire tambarinmu, to mun koma inda muka fito, sai dai maimakon buhun bafatake yanzu kwali ne mai kyau. Wannan shi ne abin da na fahimta a duk tafiyar nan: a tallar haɗin gwiwa ba kaya ake ciniki ba, suna ake bai wa juna aro, kuma kowa na tsoron a mayar masa da nasa a raunane ko a ƙi mayarwa.

Kawu ya yi ta kai-kawo a kan wannan har aka kai ga abin da kowa zai iya haɗiyewa. Takalmi da jaka suna ɗauke da tambarinmu a jiki, ba ya fita. A kan kwali da hoto da allon rumfa ana sa tambura biyu, girmansu ɗaya. In a Nijar ne nata ke gaba, in a Najeriya ne namu. Keɓewar da ta nema kuma aka rage ta: a cikin birnin Yamai kawai, kuma tsakanin gidajen ɗinki kawai, na shekara ɗaya, in an ji daɗin juna a sabunta. Mu ma ta ɗaukar mana alkawarin ba za ta haɗa ɗinkinta da kayan wani baduku a talla ba. Fataken Ƙonni da Tawa da Maraɗi kuwa Baba ya ce babu mai taɓa su. Wasunsu tun zamanin mahaifinsa suke ɗaukar kaya a gidanmu, ba zai rufe musu ƙofa don an zo da sabon abu ba. Na goyi bayansa ɗari bisa ɗari, kuma ko ta fuskar lissafi su ne ke riƙe da mu a watannin da babu Sallah babu biki.

Wani abin da ban yi tsammanin zai zama aiki ba shi ne rubutun kansa. Baba bai so a kawo lauya ba. Ya ce, "Mutanen ga 'yan'uwanmu na. Harshenmu guda, alƙiblarmu guda, rabin danginmu can su ke. Mi za mu yi da takarda? Kunya ni ka ji." Wannan kunyar na san ta, kuma ba abin raini ba ce, ita ta riƙe kasuwancin bakin iyaka tun kafin Ingila da Faransa su ja layi tsakanin Illela da Ƙonni. Amma na sha ganin inda ta hana mutane faɗin abin da ke ransu a farko, sai bayan kuɗi sun shiga tsakani kowa ya tuno maganar yadda ta yi masa daɗi, zumunci ya lalace. Ban iya gaya wa Baba haka ba. Hajiya ce ta yi. Ta ce, "Alhaji, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta cikin Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ba don na ƙi yarda da kai ba na. Ni da kai muna iya faɗuwa gobe, yaran ga su za mu bar ma abin." Baba ya yi shiru, sannan ya ce a kira lauyan.

Sai maganar kuɗi. Da farko an so a yi asusu guda, kowa ya zuba rabi, a riƙa cire kuɗin talla daga ciki. Amma da wane kuɗi? Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa muna cikin wannan magana, a watan Yunin 2023, Babban Banki ya sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Da mun sa hannu a kan cewa za mu zuba kaza na sefa duk wata, da abin da zai fita daga aljihunmu ya ninka ba tare da kowa ya cuce mu ba. Saboda haka aka watsar da asusun. Aka tsayar cewa duk tallar da za a yi a Najeriya mu za mu biya da naira, wadda za a yi a Nijar ita za ta biya da sefa, amma a rubuta tun farko abin da kowane ɓangare zai yi: bidiyo nawa, sanarwar rediyo ta tsawon wane lokaci, wane baje koli. Wato aka auna gudummawar kowa da aiki, ba da adadin kuɗi ba. Inda dole sai kuɗi sun ƙetara, kamar la'ada, lissafi da sefa ake yi, a canza da farashin ranar biya. Kawu ya ƙara da cewa duk adadi a rubuta shi da lambobi, don mutanen Nijar a baki da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000, kuma ya ga mutanen da suka rabu a kan haka.

Muna gab da kammala daftari sai aka wayi gari ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar. Wanda bai zauna a bakin iyaka ba ba zai san nauyin wannan ba. Manyan motoci suka yi layi a Illela, kasuwar Lahadi ta yi sanyi, masu ɗauko kaya da masu canji da 'yan kabu-kabu suka zauna. A can kuma kekunan ɗinkin Hajiya sai da janareta, cire kuɗi a banki ya zama wahala. Ba wannan ne karo na farko ba, don an rufe iyakar daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, amma wannan karon har da maganar yaƙi a sama, tsakanin mutanen da ke auren juna.

A watannin nan ba mu yi maganar yarjejeniya ba sam. Baba ya ce ba a yi wa mutum zancen ciniki yana cikin damuwa. Saƙon murya kawai muke turawa ta WhatsApp, ana tambayar lafiya da yadda ake ciki. An sami masu ba mu shawarar a riƙa tura kaya ta ɓarauniyar hanya a kan babura, wai kowa haka yake yi. Mu da ita duka muka ƙi. Wanda zai buga sunansa da lambar wayarsa a kan kwali ya kuma yi shela a rediyo, bai kamata kayansa su bi daji da dare ba. Ina ganin a wannan zaman jiran ne aka gina yardar da ta sa sauran abubuwan suka zo da sauƙi, don kowa ya ga halin ɗan'uwansa a lokacin da babu riba.

ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar ta ɓangarorin biyu. Da muka koma kan daftarin, sakin layin farko da aka ƙara shi ne na rufe iyaka. Idan hukuma ta rufe hanya, ko ta hana fitar da kaya ko shigo da su, ko aka dakatar da aika kuɗi, to yarjejeniya ta tsaya cak, babu wanda ya saɓa, kwanakin kuma ba sa shiga lissafin shekarar. Kayan nuni da ke hannun kowa amana ne, yana iya sayarwa ya ajiye kuɗin. In rufewar ta wuce wata 6, kowa na da damar janyewa ba tare da biyan komai ba. Lauyanmu ya ce yawanci irin wannan sakin layi a ƙarshen takarda ake jefa shi ba mai karantawa. Mu a shafi na biyu muka sa shi.

Daga nan sai batun da ya fi kowane cin lokaci bayan na suna: masu saye na wane ne? Idan mace a Kano ta ga hoton a shafinmu ta nemi rigar, muka tura ta wurin Hajiya, gobe ta wa ce? Ƙanin Hajiya ya so mu haɗa lambobin wayar duk masu sayenmu wuri guda kowa ya riƙa tura musu talla. Ban yarda ba, kuma dalilina biyu ne. Matan da suka ba mu lambobinsu mu suka bai wa, da yawansu matan aure ne, ba daidai ba ne su wayi gari da saƙo daga baƙuwar lamba ta wata ƙasa. Sannan Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, wadda ta hana miƙa bayanan mutum ga wani haka kawai ba da hujja ko yardarsa ba. Abin da aka tsayar shi ne ba a musayar lambobi. Wanda ya nuna sha'awa sai a ba shi lambar ɗaya kamfanin tare da wata 'yar alama da zai ambata, shi da kansa ya kira. In ciniki ya faɗa, wanda ya turo yana da la'adar kashi 10 cikin ɗari a sayen farko da na biyu, daga nan mai saye ya zama na kowa. Duk wata uku ake zama a kan littafi, a cire na wannan daga na wancan, wanda ya rage da bashi ya biya bambancin. Wannan tsari ba shi da wani mai gadi sai tsoron Allah, don babu yadda zan san wanda ya kira Yamai in ba ta rubuta ba. Duk mun san haka muka sa hannu.

Hajiya ma ta zo da nata sharaɗin, kuma mai kyau ne. Ta ce ta taɓa ganin jar jaka ta zuba a jikin farar shadda da zafin rana, kuma ranar da haka ta faru da mai sayenta, ita za a zaga ba mu ba. Baba ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ya ce duk jakar da za ta shiga wannan talla sai an yi mata shafi, an goge ta an bar ta ta sha iska, sannan a gwada ta da farin ƙyalle mai laima kafin a sa a kwali. Aka rubuta cewa kowa shi ke da alhakin aibin kayansa, ya canza ko ya mayar da kuɗi cikin kwana 14, kuma in koke ya yi yawa a kan kayan wani, ɗayan na iya sauke hotunan har a gyara.

Aikin lauyoyi ya buɗe mini ido a kan abubuwan da ban san haka suke ba. Rajistar tambari da aka yi a Abuja ba ta da ƙarfi ko taku ɗaya bayan Illela. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, inda rajista ɗaya ke kare tambari a ƙasashe 17 har shekara 10, Najeriya kuwa ba ta ciki. Wato da mun fara talla a Yamai sunanmu ya yi ƙarfi, wani na iya rigan mu yi masa rajista a can. Don haka muka shigar da takardunmu kafin a saki hoto ko ɗaya, ita ma ta shigar da nata a Abuja, aka kuma rubuta cewa babu wanda zai yi rajistar tambarin ɗan'uwansa ko mai kama da shi a ko'ina. Dokar kasuwanci ma ba ɗaya ba ce. Su suna bin tsarin OHADA, wanda babbar kotunsa ke Abijan, mu kuma namu ya samo asali daga na Ingila. Ba wanda ya so ya je kotun ƙasar wani. Sai aka yi matakai: in saɓani ya taso, dattawa biyu daga kowane ɓangare su zauna, Kawu na ciki. In ya gagara, a kai wa mai sasantawa guda da aka amince da shi, hukuncinsa ya hau kan kowa, tunda ƙasashen biyu duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958 da ta sa kotuna ke zartar da irin wannan hukunci. Takardar an yi ta da Faransanci da Ingilishi, amma kafin sa hannu sai da aka karanta wa Baba da Hajiya ita sakin layi bayan sakin layi da Hausa, aka naɗi muryar aka ajiye.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta sauya mana shiri gaba ɗaya. Hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, ta hana amfani da 'yan wata ƙasa a matsayin masu fitowa a talla ko masu sanya murya a tallar da ake yi wa 'yan Najeriya, tun daga 1 ga Oktoban 2022. 'Yan matan Hajiya Hausa suke yi kamar mu, amma a takarda baƙi ne. Saboda haka maimakon ɗauka ɗaya sai aka yi biyu. Aka kawo ɗinkinta Sakkwato aka ɗauka da 'yan gida, muryar rediyo ma Basakkwace ya yi. Aka kai kayanmu Yamai aka ɗauka a can, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, don Yamai ba Maraɗi ba ce, wanda ya yi talla da Hausa kaɗai a can ya bar mutane da yawa a baya. Baba ya kafa sharaɗin sutura da irin sautin da za a sa a bidiyo, Hajiya ta ce ita ma haka take so. An kuma yarda kada a ambaci ranar Sallah a cikin sanarwa, a ce "kafin Sallah" kawai, don akan sami shekarar da Nijar ke rigan mu da kwana ɗaya kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata.

Ta wajen kwastan, mun yi rajistar masu fitar da kaya a hukumar NEPC, duk abin da Hajiya za ta saya da yawa kuma ana cike masa takardar fitar da kaya ta NXP ta banki. A ƙarƙashin tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS kayan aikin hannu irin namu suna cikin waɗanda aka sassauta wa, amma abin da ke takarda daban, abin da za ka tarar a hanya daban, sai ka riƙe rasit da haƙuri.

A Sakkwato aka sa hannu, a zauren Baba, bayan ƙaramar Sallah, da shaidu daga kowane ɓangare, aka yi addu'a aka shafa. Tallar farko ta fita gabanin babbar Sallah. Abin da ya biyo baya bai zo daidai da lissafin kowa ba. A Yamai jakunkuna suka fi takalma tafiya nesa ba kusa ba, har sai da Baba ya mayar da wasu yaran daga takalmi zuwa jaka. Sanarwar rediyo ba ta kawo wani abin a zo a gani a birni ba, amma a Ƙonni da Tawa ta sa fataken nan namu suka riƙa zuwa suna cewa a ba su "mai tambarin nan". Abin da ya fi komai kawo ciniki shi ne gajeren bidiyo da mata ke tura wa juna ta WhatsApp, wanda kusan bai ci kuɗi ba. Ta ɓangaren Hajiya, Kano da Kaduna sun karɓi ɗinkinta, amma jinkirin isowar kaya ya sa wasu sun fasa, shi ya sa yanzu take ajiye wasu ɗinkakku a wurinmu kafin lokacin biki.

Da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, gabanmu ya faɗi. Sai ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar kayansu da barin mutanensu su shiga su fita kamar da, har zuwa wani lokaci. A kan haka muka sabunta yarjejeniyar, muka ƙara cewa duk sabon harajin da wata ƙasa ta sa a bakin iyaka, mai shigo da kayan ne zai biya, amma a sake zama a kan farashi in ya yi nauyi.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne baje kolin sana'o'in hannu na SIAO da ake yi a Wagadugu duk bayan shekara biyu. Hajiya na so mu kama rumfa ɗaya a can, kuma rajistarmu ta OAPI ta haɗa da Burkina Faso, don haka ta wajen tambari ba mu da fargaba. Baba ne bai amince ba tukuna saboda tsaron hanya, ya ce in za a je sai dai ta jirgi daga Yamai, kuma ba za a ɗora wa Hajiya kuɗin rumfar ita kaɗai ba tunda can ba ƙasar kowa ba ce a cikinmu. Tsarinmu na kowa ya biya na gidansa bai tanadi ƙasa ta uku ba, don haka mun ce lauyoyin su rubuto sabon sakin layi, a duba shi a zama mai zuwa a Ƙonni.